BABI NA UKU: YADDA GIDAJE SUKA CINYE GONAKIN KEWAYEN BIRNIN KANO DA ABIN DA HAKAN YA HAIFAR GA MUHALLI (1903–2023)

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a bi diddigin yadda gine-ginen gidaje suka fito daga cikin ganuwar Kano suka bazu a kan gonaki da fadamu da burtalolin ƙauyukan da ke kewaye da birnin, tun daga zuwan Turawa a shekarar 1903 har zuwa 2023. Za a duba matakan da wannan bunƙasa ta bi, da dokokin ƙasa da suka share mata hanya, sa'an nan a kawo irin sauye-sauyen da ta jawo ga itatuwa da ruwa da ƙasar noma. Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, wuraren da ake kira "fili" ko "daji" a lokacin da za a yanka su, ba a banza suke zaune ba. Ƙasa ce da take yi wa birnin aiki, watau tana ciyar da shi, tana kwashe masa shara, tana kuma shanye masa ruwan sama. Da aka gine ta sai wannan aiki ya tsaya, ba a kuwa tanadi abin da zai maye gurbinsa ba.

3.1 Birnin Kano da Karkararsa Kafin Zuwan Turawa

Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Gijimasu (1095–1134) ne ya fara ginin ganuwa, daga baya Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499) da Sarki Muhammadu Nazaki (1618–1623) suka faɗaɗa ta. Abin lura a nan shi ne, magabata ba gidaje kaɗai suka kewaye da ganuwar ba. Sun haɗa har da gonaki da wuraren kiwo da ruwa, domin idan abokan gaba suka yi wa gari zobe a sami abin da za a ci. Baturen nan Clapperton, wanda ya zo Kano a 1824, ya kiyasta cewa gidaje ba su ci fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na filin da ke cikin ganuwa ba, sauran duk gonaki ne da lambuna, ga kuma fadamar Jakara da ta ratsa gari. Shi ma Barth, wanda ya zo a 1851, ya tarar da filaye masu yawa a cikin birnin, ya kuma kiyasta mazaunansa da kimanin mutum 30,000.

Ginin wancan zamani na ƙasa ne. A kusa da unguwa ake haƙar ƙasar da za a yi tubali da yaɓe, ramin da aka bari shi ne yake zama kududdufi. Don haka duk inda unguwa ta kafu sai a sami kududdufinta. Idan aka yi ruwan sama, kwatamin gidaje da lunguna sukan zuba a cikinsa, idan ya cika ya tumbatsa zuwa na gaba, har ruwan ya isa Jakara. Ruwan da ya kwanta kuwa yakan nutse a hankali ya ciyar da rijiyoyin unguwa har zuwa bazara. Gaskiya ne kududdufai suna tara sauro da ƙazanta, amma dai su ne magudanar ruwa da ma'ajiyar ruwa ta birnin.

A wajen ganuwa kuma akwai ƙauyuka da gidajen gona birjik, da gandayen sarki irin na Fanisau da Nasarawa da Ɗorayi. Tsakanin waɗannan ƙauyuka da birni akwai wata cuɗe-ni-in-cuɗe-ka mai daɗaɗɗen tarihi. Da rani manomi yakan ɗora wa jakinsa itace ko kara ko hatsi ya shigo birni ya sayar, idan zai koma sai ya cika mangala da taki, watau toka da kashin awaki da tumaki da sharar gida, ya kai gonarsa ya zuba. Da wannan taki ne ake noma gona ɗaya kowace shekara ba tare da an bar ta ta huta ba, kuma ba ta gaji ba.

3.2 Zamanin Turawa (1903–1960)

Sojojin Turawan Ingila sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903. Ba su zauna a cikin birni ba, sai suka kafa mazauninsu a gabas da ganuwa, a Nasarawa da Bompai. Wannan shi ne karo na farko da aka ɗebi ƙasar noma mai faɗi a wajen ganuwa aka mayar da ita wurin zama bisa umarnin hukuma. A 1910 aka yi dokar da ta ɗora dukkan ƙasar Arewa a hannun Gwamna, a matsayin mai riƙon amana a madadin 'yan ƙasa. A aikace dagatai da masu unguwanni sun ci gaba da kula da gonaki kamar da, amma daga wannan lokaci hukuma ta sami ikon karɓar kowace gona idan ta ce za a yi aikin jama'a.

Isowar jirgin ƙasa a 1911 da cinikin gyaɗa da ya biyo baya su suka ƙara wa al'amarin ƙarfi. Aka yanka filayen kantunan kamfanonin Turawa da na Kwarori a kusa da tashar jirgi, aka kafa Sabon Gari a wajajen 1913 domin ma'aikata da 'yan kasuwa daga Kudu da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma. Fagge, wadda da ma zangon fatake ce, ta ƙara cika, daga baya kuma Tudun Wada da Gwagwarwa suka samu domin lebura da tsofaffin sojoji. Dokar tsara garuruwa ta 1917 ta tanadi a bar tazarar yadi 440 babu gini tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, wai don gudun cuta. Duk da cewa manufar wannan doka wariya ce, ta bar filaye a buɗe waɗanda sai bayan tafiyar Turawa aka gine su.

Idan aka auna da abin da ya biyo baya, ƙasar da aka ci a wannan zamani ba ta da yawa. Ƙidayar 1952 ta nuna mutanen Kano da unguwanninta na waje kimanin 130,000 ne. Sai dai an kafa al'adu biyu da suka ɗore. Ta farko ita ce kallon gonar talaka a matsayin filin da yake jiran gini. Ta biyu kuwa ita ce sha'awar gida mai makeken fili irin na unguwar Turawa, inda iyali guda yake cin ƙasar da za ta ishi gidaje masu yawa a cikin birni.

3.3 Daga Samun 'Yancin Kai Zuwa 1978

A farkon shekarun 1960 hukuma ta fahimci cewa garin zai fi ƙarfinta idan ba a yi tsari ba. Saboda haka aka sa wani masanin tsara birane mai suna B.A.W. Trevallion ya shirya taswirar ci gaban Kano na shekara 20, daga 1963 zuwa 1983. A lokacin, ƙidayar 1963 ta ba garin mutum kimanin 295,000.

A daidai wannan lokaci ne kuma masana suka rubuta yadda karkarar take kafin gini ya cim mata. M.J. Mortimore da J. Wilson na Jami'ar Ahmadu Bello sun yi nazarin ƙauyukan ƙasar Ungogo, suka buga sakamakonsu a 1965. Sun tarar da jama'a a cunkushe, kusan ko'ina an nome, gonaki ƙanana ne masu shinge, ana zuba masu taki, kuma cike suke da itatuwa masu amfani waɗanda kowanne da mai shi. Ita ma Polly Hill ta zauna a yankin Ɗorayi na ƙasar Kumbotso a 1971 zuwa 1972, ta bayyana manyan gidajen gandu da ƙarancin gona a littafinta na 1977. Muhimmancin waɗannan ayyuka biyu ga wannan babi shi ne, sun zama shaida a rubuce cewa wuraren da daga baya suka koma unguwanni, ƙasar noma ce da aka daɗe ana tattalinta.

Abubuwa uku suka taru suka sa taswirar Trevallion ta kasa riƙe garin. Na farko shi ne ƙirƙiro Jihar Kano a 1967. Gwamnatin Audu Baƙo (1967–1975) ta buƙaci ofisoshi da makarantu da gidajen ma'aikata, aka kuma buɗe sababbin wuraren masana'antu a Sharaɗa da Calawa bayan na Bompai. Na biyu shi ne kuɗin man fetur na shekarun 1970, wanda ya sa ma'aikata da 'yan kasuwa da 'yan kwangila suka sami abin sayen fili, siminti da kwano kuma suka fara korar tubali da azara. Na uku shi ne farin 1972 zuwa 1974, wanda ya koro dubban mutane daga ƙauyukan arewacin Nijeriya da Jamhuriyar Nijar zuwa Kano neman abinci. Yawancinsu ba su da halin zama a filin da hukuma ta yanka, sai suka nemi matsuguni a gefen gari.

3.4 Dokar Ƙasa ta 1978 da Yaɗuwar Awon Igiya

A ranar 29 ga Maris, 1978, gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa. Dokar ta danƙa dukkan ƙasar kowace jiha a hannun Gwamna, ta ba shi ikon ayyana kowane yanki a matsayin birni, da ikon soke mallakar mutum idan maslahar jama'a ta buƙaci haka. Abin da ya fi shafar manomi shi ne batun diyya. Dokar ba ta tanadi a biya kuɗin ƙasar kanta ba, sai dai abin da yake kanta, kamar amfanin gona da itatuwa da gini. Ke nan gonar da kaka da kakanni suka yi shekaru aru-aru suna zuba wa taki, idan aka zo karɓarta da rani, abin da za a lissafa shi ne 'yan itatuwan da suke tsaye a cikinta.

Manoman kewayen Kano ba su daɗe ba suka gane inda aka dosa. Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Da zarar manomi ya ga an kafa duwatsun awo a ƙauyen maƙwabta, sai ya riga hukuma. Yakan kira dillali da mai unguwa, a kawo igiya a auna gonar, a yayyanka ta ƙanana-ƙanana a sayar wa masu neman wurin zama. Wannan shi ake kira awon igiya. Dokar 1978 ta hana yanka gonakin karkara zuwa fulotai, amma hanin ya tsaya a takarda, domin mai sayarwa da mai saye da dillali da mai sa hannu a takardar ciniki duk suna da riba a ciki. Bugu da ƙari, rabon gado yana ƙara tsinka gonaki, har ta kai kason magaji ɗaya ba zai ciyar da shi ba idan ya noma, amma zai ba shi jari idan ya sayar.

Ta wannan hanya ce mafi yawan sababbin unguwannin talakawa suka samu, a bin manyan hanyoyin da suka fita daga gari. A hanyar Katsina akwai Kurna da Rijiyar Lemo da Bachirawa. A hanyar Zariya akwai Unguwa Uku da Na'ibawa. A hanyar Maiduguri akwai Hotoro da Mariri. A kudu maso yamma akwai Ɗorayi da Ja'en da Sheka. Komawar Jami'ar Bayero sabon mazauninta a hanyar Gwarzo ta ja gari zuwa Rijiyar Zaki da Rimin Gata da Ɗanbare. Illar awon igiya ita ce, mai gona yana son ya fitar da fulotai masu yawa gwargwadon iko, don haka ba a barin titi mai faɗi, ba a barin hanyar ruwa, balle filin makaranta ko asibiti ko maƙabarta. Ko kwari ne ko tudu, duk igiya ɗaya ake ja a kai.

3.5 Rukunan Gidajen Gwamnati

Ita ma gwamnati ta gina nata rukunan gidaje a kan gonaki. Daga cikinsu akwai rukunan Kundila, da gidajen Shagari waɗanda aka yi a ƙarƙashin shirin gidaje masu sauƙin kuɗi na Jamhuriya ta Biyu (1979–1983), da rukunin Ɗanladi Nasidi a Mariri. A tsakanin 2011 da 2015, zamanin mulkin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, an gina manyan rukunai uku a bakin gari, watau Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo. Waɗannan wurare sun fi awon igiya tsari, domin suna da tituna da magudanan ruwa. To amma suna da nasu tasirin ta fuska biyu. Da farko, duk inda gwamnati ta kai titi da wutar lantarki, farashin gonakin da ke kewaye yakan tashi, awon igiya kuma ya biyo baya, har rukunin ya zama tsibiri a tsakiyar unguwannin da ba su da tsari. Na biyu, kuɗin gidajen ya fi ƙarfin talaka, shi ya sa da yawa daga gidajen rukunan baya-bayan nan suka yi shekaru babu kowa a ciki. An rasa gonar, ba a kuma rage cunkoson cikin gari ba.

Wajibi ne a faɗi cewa buƙatar gidaje gaskiya ce. Ƙidayar 2006 ta nuna ƙananan hukumomi takwas da suka haɗu suka zama birnin Kano, watau Birni da Kewaye, Dala, Fagge, Gwale, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo, suna da mutum kimanin miliyan 2.8. Ba yadda za a yi wannan jama'a ta zauna a cikin ganuwa. Saboda haka abin tambaya shi ne inda aka yi ginin da yadda aka yi shi.

3.6 Tasirin Gine-ginen ga Muhalli

3.6.1 Itatuwa

Sunayen unguwannin Kano kansu shaida ne a kan abin da aka rasa. Giginyu jam'in giginya ne, Ɗorayi jam'in ɗorawa, Gawuna jam'in gawo. Akwai Kurna da Kawo da Rimin Gata da Rimin Kebe da Tsamiyar Boka, ga kuma Gandun Albasa. Mai bin waɗannan unguwanni zai sha wuya kafin ya ga itatuwan da suka ba su suna da yawan da zai sa a kira wuri da su.

An daɗe ana ɗora laifin ƙarewar itatuwa a kan manoma da masu sayar da itacen girki. Amma binciken da R.A. Cline-Cole da Mortimore da abokan aikinsu suka yi a kan itacen girki a Kano, wanda Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta buga a 1990, ya nuna cewa manoman da ke kusa da birnin suna tattalin itatuwan gonakinsu, ba su bari yawansu ya ragu ba ko da a shekarun fari. Dalili kuwa a fili yake. Ɗorawa tana ba da kalwa ta daddawa, kuka tana ba da miya, tsamiya tana shiga kunu, gawo kuma yana zubar da ganyensa da damina don haka ba ya yi wa shuka inuwa, ga shi yana ƙara wa ƙasa ƙarfi, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne. Manomi sassabe reshe yake yi, ba ya kashe uwar. Ranar da gona ta zama fuloti kuwa, ranar itacen ya tashi daga dukiya ya koma abin da ya tare wurin ɗaki, sai a sare shi a tone saiwarsa. Darbejiya da ake dasawa a ƙofar gida tana ba da inuwa, amma ba ta maye gurbin abinci da magani da takin da waɗancan itatuwa suke bayarwa. Rashin inuwa a unguwannin da suka zama siminti da kwano zalla yana daga abin da yake ƙara tsananin zafin bazara a cikinsu.

3.6.2 Ruwa: Ambaliya da Ƙarancin Ruwan Sha

Wannan shi ne tasiri mafi girma. Ruwan saman Kano a 'yan watanni yake zuba, mafi yawansa a Yuli da Agusta, sau da yawa kamar da bakin ƙwarya. Gona takan shanye kaso mai yawa na wannan ruwa, fadama da kududdufi su riƙe saura. Rufin kwano da daɓen siminti da kwalta kuwa ba sa shan ko ɗigo, sai dai su tura shi gaba da gudu.

Akwai wani abu na tarihi da ya ƙara dagula lamarin. Shekarun da garin ya fi saurin faɗaɗa, watau 1970 zuwa tsakiyar 1980, su ne shekarun ƙarancin ruwan sama, da farin 1972–1974 da na 1983–1984. Kwaruruka da fadamu da yawa sun bushe a lokacin, har mai saye ya ɗauka tudu ne, aka yanka aka gina. Da ruwa ya dawo da ƙarfi a watan Agusta na 1988, shekarar da madatsar ruwa ta Bagauda ta ɓalle, gidaje masu ɗimbin yawa sun rushe a Kano da kewayenta. Masu iya magana sun ce ruwa ba ya manta hanyarsa. Tun daga lokacin ambaliya ta zama abin da mazauna unguwannin kwari suke fargaba duk damina.

A cikin gari ma haka abin yake. Da darajar fili ta tashi, sai aka shiga cike kududdufai da shara da ɓaraguzai ana gini a kai, har da waɗanda suke bin gefen ganuwa a hanyar tsohon mazaunin Jami'ar Bayero. Kowane kududdufi da aka cike, ruwan da yake tarawa sai ya nemi wani wuri, wurin kuwa shi ne titi da tsakar gidan maƙwabta. A tsakanin 2011 da 2015 aka fara aikin rufe kogin Jakara da kankare tare da shimfiɗa titi a kansa. Aikin ya rage ƙazanta da zaizayar ƙasa a unguwannin da ya ratsa, amma ruwan da yake gudu a cikin kankare ba ya nutsewa a ƙasa.

A nan ne ambaliya take haɗuwa da ƙishirwa. Ƙarƙashin ƙasar Kano dutse ne, ruwan rijiya yana kwance ne a cikin rubabben dutse da tsagogin da ke samansa, kuma ruwan sama na kowace shekara ne yake cika shi. Famfon da yake zuwa daga matatun Calawa da Tamburawa bai bi sababbin unguwanni yadda ya kamata ba, don haka jama'a suka dogara ga rijiyoyi da burtsatse da 'yan garuwa masu tura kura. Ke nan ana ƙara zuƙar ruwan ƙasa a daidai lokacin da ake toshe hanyar da yake bi ya koma. Har ila yau, a fuloti ƙarami na awon igiya, tazarar da ke tsakanin rijiya da masai ba ta da yawa, wanda hakan yake buɗe ƙofa ga cututtuka irin su amai da gudawa da taifot.

3.6.3 Taki Ya Koma Shara

An ambata a baya yadda jakuna suke kwashe sharar birni zuwa gona. Faɗaɗar gari ta nisanta gona daga bola, har tafiyar ta fi ƙarfin jaki, sai dai mai halin ɗaukar hayar mota. Sa'an nan ita kanta sharar ta sauya. Yawaitar leda, musamman ta ruwan sha daga shekarun 1990, da gwangwani da kwalba da batir, ta sa manomi sai ya tsince ko ya ƙona kafin ya zuba a gona, dabbar da ta haɗiyi leda kuma takan rame ta mutu. Abin da a da ake saye da kuɗi, sai ya zama nauyi a kan hukuma, wanda bai samu kwashewa ba kuma ya ƙare a magudanar ruwa ya toshe ta. Su kuwa masu lambun da suka rage a bakin Jakara da Getsi da Salanta, ruwan da suke ban-ruwa da shi ya gauraya da dagwalon gidaje da na masana'antu, ciki har da na majemu, kayan lambun kuma kasuwannin gari ake kai su.

3.6.4 Yashi, Burtali da Makomar Manomi

Ginin bulo yana cin yashi da tsakuwa da marmara. Motocin tifa suna ɗebo yashi daga kogin Calawa da sauran rafuka, abin da yake zurfafa kogi ya sa gaɓarsa ta riƙa zaftarewa tana cin gonakin bakin ruwa. Ramukan da ake haƙar marmara a bayan gari sukan cika da ruwa da damina su zama haɗari ga yara. Ta haka illar gida ɗaya takan kai wurin da yake nesa da inda aka gina shi. Burtalolin da shanu suke bi zuwa mashaya su ma sun shiga cikin awo, makiyayi ya rasa hanya sai gefen titi ko gonar wani, daga nan kuma rikici yake tashi.

Shi kuwa manomin da ya sayar ko aka biya shi diyya, kuɗin sukan tafi a aure ko aikin Hajji ko gyaran gida ko sayen babur. Wanda ya yi dabara yakan sayi wata gona a can nesa. Da yawa kuwa sun koma lebura ko masu gadi a gidajen da aka gina a kan gonakin iyayensu, suna sayen hatsin da a da su suke kawo shi kasuwa.

3.7 Matakan Hukuma

Ba a rasa dokoki ba. A 1988 Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar kare muhalli ta ƙasa, a 1992 kuma ta kafa doka mai lamba 86, wadda ta wajabta a binciki illar manyan ayyuka ga muhalli kafin a fara su. A ɓangaren gidaje, dokar ta wajabta wannan bincike ne ga aikin da ya kai hekta 50 ko fiye. Matsalar ita ce, mafi yawan ƙasar kewayen Kano ba a dunƙule aka ci ta ba. Gona-gona aka yi ta yanka ta, kowacce ba ta kai ko kusa da wannan adadi ba, amma idan aka tara su sun ninka kowane rukunin gidaje na gwamnati. A matakin jiha, hukumar tsara birane da aka fi sani da KNUPDA ita ke da alhakin ba da izinin gini, sai dai sau da yawa unguwa takan riga ta kafu kafin ma'aikatanta su iso.

Idan gini ya riga ya tsaya, abin da ya rage shi ne rusau, shi kuwa yana da tsada da ɗaci. A watan Yuni na 2023 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta rushe wasu gine-gine da aka yi a filayen jama'a, ciki har da shagunan Filin Idi, al'amarin da ya jawo asarar dukiya mai yawa da shari'a a kotu. Ita ma ganuwa, wadda aka sa a jerin wuraren da Nijeriya take neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya tun 2007, gine-gine da masu ɗibar ƙasa sun cinye sassa masu yawa nata.

3.8 Naɗewa

A wannan babi an ga yadda Kano ta tashi daga birnin da yake da gonaki a cikin ganuwarsa zuwa birnin da ya haɗiye ƙauyukan da suke ciyar da shi. An nuna cewa Turawa ne suka fara mayar da gona wurin zama da ƙarfin doka, samun jiha da kuɗin mai da fari suka hanzarta abin, dokar 1978 kuma ta sa manomi ya gwammace ya yanka gonarsa da kansa kafin a karɓe ta. An kuma ga cewa diyya da kuɗin ciniki suna biyan mai gona ne kawai, ba sa biyan aikin da gonar take yi wa jama'a na shanye ruwa da karɓar taki da riƙe itatuwa. Wannan bashi mazauna sababbin unguwanni ne suke biyansa, ta hanyar ambaliya da sayen ruwa da rashin lafiya. Tun da yake gari bai daina tafiya ba, darasin da wannan tarihi yake bayarwa ga ƙauyukan Kumbotso da Ungogo da Dawakin Kudu da Gezawa da Tofa da Dawakin Tofa shi ne a shata fadamu da hanyoyin ruwa da burtaloli a keɓe su tun suna gonaki, a kuma sa dagatai da masu unguwanni a cikin aikin, domin su ne suka san inda ruwa yake bi, kuma da sa hannunsu ake cinikin kowace gona.